Na karanta littafin Slumdog Millionaire, yanzu fim ɗin ya sire min

Ni fa da na san haka abin zai zama da ban sayi littafin nan ba, wallahi da na bar kaina cikin duhuna ina ta yabon fim ɗina. Slumdog Millionaire na kalle shi ya fi sau shida, ko ina aka zo maganar finafinan da suka ci Oska ni ne a gaba wajen kare shi, kyauta 8 fa ya kwashe a 2009 har da ta fim mafi kyau da ta darakta wadda Danny Boyle ya ɗauka, ga A.R. Rahman da guda biyu shi kaɗai. To sai na ga littafin da hoton Dev Patel a bango da sunan fim ɗin ɓaro-ɓaro, na ce bari in saya in ƙara jin daɗi, ashe asalin sunansa ma Q & A ne, wani jami'in diflomasiyyar Indiya Vikas Swarup ya rubuta shi aka buga a 2005, sunan fim ɗin daga baya aka liƙa masa don ya shiga kasuwa. Wanda bai karanta ba ya tsaya nan don zan fasa ƙwai.

Tun shafukan farko na fara neman Jamal Malik, yaron talakan da Dev Patel ya fito a matsayinsa a fim, wanda ya shiga shirin gasar tambayoyi na talabijin ya ci kuɗi, ban gan shi ba. Babu Jamal sam. Yaron sunansa Ram Mohammad Thomas, kuma wannan sunan shi ne ya hana ni barci, don ba haka kawai aka raɗa masa ba. Jariri ne aka yar a wani coci a Delhi, wani fada mai suna Timothy ya riƙe shi ya sa masa sunan Kirista, sai ga wakilin Hindu da wakilin Musulmi sun zo kowa na cewa ta yaya aka san ba ɗanmu ba ne, aka yi ta ja-in-ja har aka sasanta a kan kowa a ba shi rabonsa a cikin sunan. Na ce da wani wakilin ya ƙaru a zaman nan da sunan yaro ya kai huɗu. Abin dariya ne amma duk littafin a kansa yake tafiya, yaro ya shiga wurin Musulmi ya ce shi Mohammad ne, ya je gidan Turawa ya zama Thomas, inda Ram zai fishshe shi ya zama Ram, haka yake lallaɓa rayuwarsa. Shi marubucin so yake ya ce wannan yaron ba na kowa ba ne kuma na kowa ne, shi ne Indiyar gaba ɗaya. Sai masu fim suka zo suka share wannan tas, suka mai da shi Musulmi ɗaya tilo da aka kashe uwarsa a rikicin addini a Mumbai. Ban ce sin ɗin ba shi da taɓa zuciya ba, na yi ƙwalla a kansa farkon gani, amma haba, ka ɗauki abu mai daraja haka ka jefar don kawai labari ya miƙe? Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, kamar an sayar min da riga an cire aikin wuyan an ce ai rigar ce dai.

Kuma ba sunan kaɗai ba. Salim ba wansa ba ne a littafi, aboki ne ƙarami mai mafarkin zama jarumin fim, ba ɗan daba mai bindiga ba. Latika budurwar Jamal a fim babu ita, wadda yake so Nita ce, a Agra ya haɗu da ita inda aka tilasta mata zaman kanta. Kuɗin gasar ma ba ɗaya ba, a fim rupi miliyan 20 ne, a littafi biliyan 1 cur, shi ya sa masu shirin suka haɗa baki da 'yan sanda aka kama shi don ba su da abin biya. Shi kuma ba mai raba shayi ba ne a ofishin amsa waya, sabis yake yi a wata mashaya.

Da na gama sai na ce bari in yi adalci, na sake kunna fim ɗin da niyyar in kama shi da laifi. Gaskiya minti goma na farko suka kashe min jiki. Gudun yaran nan a lungunan unguwa 'yan sanda na bin su, kyamara na haurawa sama kana ganin rufin kwano har iya ganinka, kiɗa na dukan ƙirji, wannan babu shafin da zai ba ka shi. Sin ɗin da ƙaramin Jamal ya faɗa ramin masai don ya samu sa hannun Amitabh Bachchan ma babu shi a littafi, masu fim ne suka ƙirƙira, kuma ya fi abin da ke littafin zama a kai. Irrfan Khan a matsayin sufeto, yadda fuskarsa ke saukowa a hankali daga raini zuwa tausayi ba tare da ya yi wata doguwar magana ba, sai dai a ce Allah ya ji ƙansa. Sannan in an bi ta gaskiya rubutun Swarup ba wani na a zo a gani ba ne, wani babin ja yake kamar ba zai ƙare ba, ga dace a kan dace har sai ka ce kai malam ya isa haka. A nan na ce to shi ke nan, fim ya ci, na janye ƙarata.

Ina cikin wannan sulhun aka zo sin ɗin banɗaki, inda Anil Kapoor, wanda ya fito a matsayin Prem Kumar mai gabatar da shirin, ya rubuta wa yaro amsar ƙarya a jikin madubi, sai abin ya dawo min sabo fil. Don a littafi a banɗakin nan yaron ne ya zaro bindiga ya ɗora wa Prem Kumar, ashe tun farko ba kuɗi ya kawo shi shirin ba, fansa ya zo ɗauka saboda azabar da mutumin ya gana wa Nita da wata tsohuwar jaruma Neelima Kumari da ya taɓa yi wa aikatau. A fim kuwa wai ya shiga ne don budurwa ta gan shi a talabijin. Ka ji fa. Ga lauya Smita da ta zo ta fitar da shi daga hannun 'yan sanda ta zauna tana sauraron labarinsa tambaya bayan tambaya, sai a ƙarshe ka gane ita ce Gudiya, yarinyar da ya taɓa ceta daga hannun ubanta mashayi, na ajiye littafin na miƙe tsaye da na zo wurin. Duk sun yanke.

Wanda ba zan yafe ba shi ne Shankar. Yaro ne da ba ya iya magana sosai, mahaukacin kare ya cije shi a Agra, uwarsa mai kuɗi ta ƙi ba da na magani har ya mutu, Ram ya saɓo gawar ya kai ya shimfiɗe mata a kan teburin cin abinci ana tsakiyar liyafa. Awa biyu suka samu, sun samu lokacin rawar Jai Ho a tashar jirgin ƙasa amma ba su samu minti biyar na Shankar ba. Tauraro uku na ba fim ɗin yanzu, da biyar ne, littafin huɗu, kuma ɗayan na cire ne saboda bangon, don mutumin da ke jiki ko sau ɗaya bai fito a ciki ba.