Rosalind: shafin da ya koya mini karanta DNA da Python

Shekara shida ina rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya a Kano. Ilimin halittu kuwa rabona da shi tun sakandare. Ƙanwata ce ta mayar da ni gare shi. Tana fama da sikila tun tana goye, kuma na gaji da jin bayanin ciwon a bakin wasu ba tare da na gane abin da ke faruwa a jininta ba.

A haka na ci karo da Rosalind, wani shafin intanet na koyon nazarin DNA da kwamfuta. Sunan Rosalind Franklin aka sa masa, wadda aikinta ya taimaka wajen gano siffar DNA. Kyauta ne. Za a ba ka ɗan bayani kan ilimin halitta, sannan tambaya, sai ka sauke bayanan ka rubuta lambar kwamfuta (code) da za ta warware ta. Da zarar ka sauke, minti 5 gare ka ka mayar da amsa, shi ya sa na koyi gama lambata in gwada ta tukuna. Wanda bai taɓa taɓa Python ba, wato yaren rubuta manhaja, akwai sashen Python Village domin shi. Ni kai tsaye na shiga babban sashen tambayoyin, Bioinformatics Stronghold.

Tambayar farko ƙirga haruffan DNA, wato A, C, G da T, ce kawai. Ta biyu, mayar da DNA zuwa RNA, kwafin da jiki ke amfani da shi wajen haɗa furotin. Waɗannan ban ɗauki rabin awa ba.

Inda na tsaya cak shi ne tambayar fassara RNA zuwa furotin, inda kowane haruffa uku ke ba da amino asid guda, wato tubalin ginin furotin. Bayan na ci ta, sai na nemo jerin ƙwayar gadon HBB, wadda canji a cikinta ke jawo sikila, tana kan kuromosom na 11, na zuba a lambata. Na koma wurin amino asid na shida na mayar da GAG zuwa GTG. A sakamakon, amino asid E ta zama V, canjin da ke haifar da sikila. Harafi ɗaya ke nan. Shi ne duk daren da muka kwana a asibiti, shi ne ƙarin jinin da aka yi mata. Na daɗe ina kallon allon kwamfutar ban taɓa komai ba.

Wani abin da ya amfane ni: bayan ka ci tambaya, za ka ga yadda wasu suka warware ta. A nan na ga abin da na rubuta a layi ashirin wani ya gama shi a uku.

Sai dai mai shiga ya sani komai da Turanci yake, kuma bayanan ƙanana ne, tsaf-tsaf, ba kamar na ɗakin bincike ba. Ga mai rubuta manhaja da ke son shiga binciken ƙwayoyin halitta, nan nake ba da shawarar ya fara. Ni yanzu ina kan tambayar haɗa guntayen DNA su zama jeri ɗaya, kwana uku ke nan ina fama da ita bayan sallar isha'i.