Sharhi kan shafin PopulationPyramid.net: abin da yake nunawa game da Nijar da abin da ya bari a duhu

Da yawa daga cikin zanen dalar yawan jama'a da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wanda ake ɗora maza a hagu mata a dama, yara a ƙasa tsofaffi a sama, daga shafin PopulationPyramid.net ake ɗauko shi. Kyauta ne, ba ya neman rajista, kuma yana ba da zanen kowace ƙasa daga 1950 har zuwa 2100. Mun auna shi da Jamhuriyar Nijar saboda ita ce gwaji mai wuya: tana cikin ƙasashen da jama'arsu suka fi ƙuruciya a duniya, kuma ƙidayar da ake dogaro da ita ta Disamba 2012 ce. Hukuncinmu a taƙaice shi ne, wajen koyarwa da nuna siffar al'umma da wuya a samu wanda ya fi shi sauƙi, amma duk wanda zai tsara ginin aji ko asibiti da alƙalumansa kaɗai zai yi kuskure.

Aiki da shi ba wahala. A zaɓi ƙasa daga jerin da ke sama, ko a rubuta adireshin kai tsaye, wato sunan shafin, sannan niger, sannan shekarar da ake so. Akwai maɓallan da ke matsar da shekara ɗaya ko biyar gaba ko baya. Zanen yana da sanduna ashirin da ɗaya a kowane ɓangare, kowace tana ɗauke da rukunin shekaru biyar, daga 0 zuwa 4 har zuwa masu shekara 100 da ɗoriya. A gefe kuma akwai layin da ke nuna jimillar jama'a tsawon shekarun. Ana iya juya shi zuwa Faransanci ko Larabci, amma babu Hausa. Tallace-tallace sun yi masa yawa, kuma a ƙaramar waya lambobin da ke jikin sandunan sai an zuƙo su kafin a karanta.

Shafin ba ya ƙidaya kowa. Alƙalumansa na Sashen Yawan Jama'a ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, daga kundin World Population Prospects, wanda bugunsa na 2024 ya fito ranar 11 ga Yuli na shekarar. A wannan bugu, abin da ke tsakanin 1950 da 2023 kiyasi ne, abin da ya fara daga 2024 kuma hasashe ne. Shafin bai raba su da wani launi ko alama da ido zai kama nan take ba, don haka dalar 2060 tana fitowa da kamala iri ɗaya da ta 1988. Wannan ne babban aibinsa, kuma za mu dawo kansa.

Abin da ya ƙware a kai shi ne siffa. Buɗe Nijar a 2024, za ka ga gindi mai faɗi sosai da ke tsukewa da sauri. Jimillar ta kai kusan miliyan 27. Idan ka tara sanduna uku na ƙasa, maza da mata, za ka samu cewa 'yan ƙasa da shekara 15 sun kusa rabin al'umma, alhali masu shekara 65 zuwa sama ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Ma'ana, kowane mutum ɗaya da ke tsakanin 15 da 64 yana ɗauke da kusan mutum ɗaya, kuma galibi yaro ne. Sai ka buɗe Tunisiya a shekara guda, inda haihuwa ta sauko zuwa kusan 'ya'ya biyu ga mace: gindin ya tsuke, tsakiya ta cika. Ɗalibin da aka nuna wa waɗannan zane biyu a jere ya fahimci darasin kafin malami ya buɗe baki.

A kula da abu biyu wajen karatu, don a nan mutane suka fi tuntuɓe. Na farko, kason da aka rubuta a jikin kowace sanda kaso ne na dukan jama'ar ƙasa, ba na jinsin ba. Idan sandar yara maza 'yan 0 zuwa 4 ta nuna wajen kashi 9, ba ana nufin kashi 9 na maza ba ne. Kason yaran nan a cikin maza zalla ya kusa ninki biyu na hakan. Na biyu, tunda kaso ake zanawa ba adadi ba, dalar ba ta girma ko da jama'a sun ninka. Dalar Nijar ta 1977 da ta 2012 kusan tagwaye ne a ido, amma ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen miliyan 5.1, ta 1988 miliyan 7.2, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuwa 17,138,707. Wanda ya tsaya ga zanen zai ce ba abin da ya sauya a shekara 35, alhali jama'a sun ninka fiye da sau uku. Tsakanin 2001 da 2012 ƙaruwar ta kai kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Raba 70 da 3.9, za ka ga a wannan gudu al'umma na ninkawa cikin shekara 18.

Shafin ba ya faɗin dalilin wannan ƙaruwa, kuma mai sharhi a rediyo da ya tsaya a kansa yakan ɗora komai a kan haihuwa. Haihuwa tana da yawa tun da can. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya ba da matsakaicin 'ya'ya 7.1 ga kowace mace, na 2012 ya ba da 7.6, binciken haihuwa da mutuwar ƙananan yara na 2021, wato ENAFEME, kuma 6.2. Abin da ya sauya sosai shi ne mutuwar yara. A binciken 1992, cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. A 1998 adadin ya koma 274, a 2006 ya zama 198, a 2012 ya sauko 127. Rigakafi, gidan sauro, da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta da aka fara a 2006 duk suna da hannu. Yaran da a da ake binnewa suna rayuwa, su girma, su yi aure. Kuma auren da wuri ake yi: a binciken 2012, kashi 76 cikin ɗari na mata 'yan 20 zuwa 24 sun yi aure kafin su cika 18. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za ka gani a dalar.

Akwai dai wani darasi da zanen ke koyarwa da kyau idan an san inda za a duba. Kwatanta sandunan 'yan mata 'yan ƙasa da 15 da na matan da ke shekarun haihuwa yanzu. Na ƙasan sun fi faɗi nesa ba kusa ba, kuma an riga an haife su. Ko da kowace ta haifi rabin abin da mahaifiyarta ta haifa, yawan iyayen kansa zai sa jimillar ta ci gaba da hawa shekaru da dama. Shi ya sa saukar haihuwa daga 7.6 zuwa 6.2 bai rage yawan jariran da ake haifa ba, wanda ya haura miliyan 1 a shekara.

Mu koma ga hasashe. Majalisar Ɗinkin Duniya ba lamba ɗaya take fitarwa ba. Tana da matsakaicin hasashe, da na sama da na ƙasa waɗanda suka bambanta da shi da rabin ɗa ga kowace mace, da kuma tazarar yiwuwa ta kashi 80 da ta kashi 95 cikin ɗari, wato iyakokin da ake sa ran ainihin adadin zai faɗo a tsakaninsu. Shafin yana nuna matsakaicin ne kawai. Ga ƙasa kamar Jamus wannan ba babbar matsala ba ce. Ga Nijar kuwa, a bugun 2015 an yi hasashen za ta haura miliyan 200 a 2100, a bugun 2024 kuma lambar ba ta kai miliyan 100 ba. Hasashen 2050 ma ya sauko daga wajen miliyan 67 a bugun 2022 zuwa wajen miliyan 52. Ba wata annoba ce ta auku ba; sabbin bayanan haihuwa ne suka shigo aka sake lissafi. Saboda haka hotunan da aka ɗauka daga shafin a shekarun baya suna yawo da lambobin da suka saɓa wa na yau, mutane na ta musu a kansu. Duk wanda zai kafa hujja da shi ya rubuta bugun da aka yi amfani da shi tare da shekarar.

Gibi na biyu ya fi shafar mai aiki a ƙasa: babu jihohi. Nijar ɗaya ce a shafin, amma a ƙidayar 2012 jihar Damagaram tana da mutum 3,539,764, Maraɗi 3,402,094, Tawa 3,328,365. Ukun nan kaɗai sun ɗauki kusan kashi 60 cikin ɗari na 'yan ƙasa. Agadas, wadda ta mamaye fiye da rabin faɗin ƙasar, ba ta kai mutum 500,000 ba, Yamai kuma ta ɗan haura miliyan 1. Haihuwa ma haka: a 2012 matsakaicin ya kai 8.5 a Damagaram, 8.4 a Maraɗi, amma 5.3 a Yamai. Wanda ya ɗauki kason ƙasa ya ɗora wa Madarunfa a Maraɗi ko Magariya a Damagaram zai rage yawan yaran da ke can, wanda ya ɗora wa unguwannin Yamai kuma zai ƙara. Babu rabon birni da ƙauye, babu ƙabila ko harshe, babu addini. 'Yan cin rani da ke tafiya Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Kwaddibuwa bayan girbi su dawo da damina ba sa bayyana, haka ma 'yan gudun hijirar da suka shigo Difa daga Barno, ko yankin Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Mai duba Najeriya zai tarar da gibi iri ɗaya, ga shi ƙidayarta ta ƙarshe tun 2006 ce.

Santsin dalar ma yana yaudara. A ƙidaya ta zahiri, inda mutane da yawa ba su da takardar haihuwa, in an tambayi magidanci shekarunsa zai ce talatin ko arba'in, da wuya ya ce talatin da bakwai. Sakamakon haka ɗanyen alƙaluma suna taruwa a shekarun da ke ƙarewa da sifiri ko biyar, kuma ana yawan tsallake jarirai. Masana suna goge wannan da lissafi kafin su fitar, kuma daidai ne su yi hakan, sai dai mai kallon shafin ba zai san an yi gyara ba.

Ga mai son yin lissafi da kansa, akwai mahaɗin sauke alƙaluman a fayil na CSV, mai ginshiƙi uku: rukunin shekaru, maza, mata, da adadi ba kaso ba. Matsala biyu ke jiran wanda ya danna fayil ɗin sau biyu ya buɗe a Excel. Manhajar takan ɗauki 5-9 da 10-14 a matsayin kwanan wata ta mayar da su ranaku da watanni. Sannan kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a ofisoshin Nijar, tana jiran waƙafi mai ɗigo tsakanin ginshiƙai, fayil ɗin kuma da waƙafi zalla aka raba shi, sai komai ya cunkushe a ginshiƙi ɗaya. Maganin duka biyun ɗaya ne: a buɗe Excel tukuna, a shigo da fayil ɗin ta hanyar shigar da bayanai daga rubutu, a zaɓi waƙafi a matsayin mai rabawa, a saita ginshiƙin farko a matsayin rubutu.

Rukunin shekaru biyar-biyar yana dacewa da wasu ayyuka, yana ƙin wasu. Matan da ke shekarun haihuwa, 15 zuwa 49, sanduna bakwai ne cif, a tara kawai. Yaran firamare 'yan 7 zuwa 12 kuwa sun ratsa rukuni biyu. Dabarar gaggawa ita ce a ɗauki kashi uku cikin biyar na rukunin 5 zuwa 9, a haɗa da kashi uku cikin biyar na 10 zuwa 14. A dala mai tsukewa irin ta Nijar, lissafin farko yana ɗan wuce gaskiya tunda 'yan 5 da 6 sun fi 'yan 8 da 9 yawa, na biyun kuma yana ɗan gazawa, sai su kusa cike wa juna. Ya isa a yi magana a taro, bai isa a saka a takardar neman kuɗin aiki ba. Don wannan a je shafin Majalisar Ɗinkin Duniya na population.un.org, inda tun bugun 2022 ake ba da alƙaluma shekara ɗaya-ɗaya, tare da dukan nau'o'in hasashen. Ya fi nauyi, fayilolinsa manya ne, gara a sauke su da kwamfuta inda intanet ke da ƙarfi.

Malamin sakandare, ɗan jarida mai neman hoton da zai raka labari, da ɗalibin da ke fara karatun yawan jama'a za su amfana da PopulationPyramid.net ƙwarai, kuma mun fifita shi a kan shafukan da ke nuna agogon jama'a yana ta ƙirgawa daƙiƙa bayan daƙiƙa, wanda ba komai ba ne illa hasashen shekara da aka raba wa daƙiƙoƙi. Ma'aikacin ƙaramar hukuma, jami'in lafiya na gunduma, da mai rubuta kundin digiri su nemi kundayen ƙidayar 2012 da hasashen jihohi daga Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, a Yamai, su haɗa da rahotannin binciken 2012 da na 2021 don alƙaluman haihuwa da mace-mace na kowace jiha.