Soket ɗin caji a babur: a haɗa shi da batir kai tsaye, ko ta makulli?

Tun shigowar hunturu 'yan uwa masu babura a nan Katsina ke yawan tambayata wanne ya fi.

Haɗin batir kai tsaye ya fi sauƙi da arha: waya biyu da fis ɗaya kusa da batirin, an gama. Ko babur a kashe yake za ka yi caji. Matsalarsa, na'urar da ke sauke bolt 12 zuwa 5 na wayar hannu tana zuƙar wuta kaɗan-kaɗan ko ba a jona komai ba. Ajiye babur kwanaki, ka dawo ka tarar sai da kik, musamman da sanyin asuba.

Haɗin makulli kuwa, kana kashe babur wutar ta ɗauke, batir ya huta. Sai dai wayoyin wurin sirara ne. Cajin waya ba komai, amma rigar ɗumi mai aiki da wuta tana jan wutar da sai an sa rile (ƙaramar na'urar da makulli ke kunnawa, ita kuma ta ɗauko wuta daga batir), in ba haka ba waya ta yi zafi ta narke. Gaskiya ƙananan baburanmu ma da kyar suke ɗaukarta.

Idan soket ya mutu, fara duba fis, sannan wayar ƙasa (wato ta negatif), sannan ƙurar da ta cushe bakinsa. Kada a ɗaure fis da waya, Allah ya kiyaye gobara.

Mai hawa kullum, kamar mai zirga-zirgar Katsina zuwa Daura, haɗin batir ya ishe shi. Wanda babur ɗinsa ke kwana biyu a zaure, ya bi ta makulli.