Miyar ƙwai da tumatir: a zuba ƙwan a ciki ko a soya shi daban?

Amaryarmu ta Birnin Kebbi, Allah ya ba da zaman lafiya. Kin ce miyar ƙwanki tana tsinkewa, ruwa gefe ƙwai gefe, kina tambaya ko ki ci gaba da zuba ƙwan cikin tumatir, ko ki riƙa soya shi daban. Duka biyun ana yi, sai dai kowace hanya da irin miyar da take fitarwa.

Ruwan nan daga wuri biyu yake. Ɗanyen tumatir, fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Shi kuma ƙwai ba ya son daɗewa a wuta, in zafi ya yi masa yawa sai ya ƙanƙance ya fitar da nasa ruwan. Kin ga in kika zuba shi tun tumatir bai tsotse ba, kafin ruwan ya ƙone ƙwan ya riga ya yi tauri.

Hanyar zubawa a ciki ita ce wadda muka saba. Ki soya albasa a man gyaɗa, kada ki yi mata rowa, mu da Aliero, garin albasa, ke kusa da mu. Ki zuba jajjagen tumatir huɗu da tarugu, ki bar kaskon a buɗe har mai ya taso sama, tsamin ya tafi. Sai ki rage wuta, ki kaɗa ƙwai uku da gishiri da magi, ki kwarara. Kada ki sa cokali nan take. Ki bari gefen ya fara kamawa, sannan ki juya a hankali, ki sauke da sauran taushinsa, zafin kasko zai ƙarasa. Ƙwan yakan sha tumatir sosai, miyar ta haɗe jikinta, shi ya sa ta fi dacewa da dafaffiyar doya ko dankali.

A hanyar soyawa daban, ƙwan ake fara soyawa a mai mai zafi, a dagargaza shi manya-manya, a kwashe. A soya tumatir a kaskon, sannan a mayar da ƙwan na kamar minti ɗaya. Haka mutanen Sin ke yin tasu a gida, har sukan sa ɗan sukari don kashe tsami. Ƙwan na fitowa da laushi, ga ɗan romo da zai jiƙa shinkafa. Illarta, ta fi cin mai.

Ni dai lokacin shekara nake dubawa. Da rani, sa'ad da tumatirin fadama ya cika kasuwa da tsokarsa, ki zuba a ciki. Da damina kuwa tumatir na tsada, wanda ake samu ma yawanci ruwa-ruwa ne, alhali lokacin ne ƙwan zabi ke wadata. Nan ki soya daban, ki kuma haɗa da kauɗar tumatir kaɗan wadda kika wanke ta sosai saboda ƙasa, kika jiƙa kika niƙa, za ta ba miyar kauri. Ƙwan zabi ƙanana ne, ki sa biyar a madadin uku, ki fasa kowanne a kofi daban tukuna, don wani lokacin akan dace da ɓatacce.

Tunda yanzu kike kama hannu, ƙanwata, ki fara da soyawa daban, ita ce ba ta saurin ɓaci.