Igiya, waya ko safiyo mai rajista: wa za ka kira ya auna maka gona?

Bara da kaka kawuna ya sayi gona a bayan garinmu, can wajen Ringim. Dillali ya zo da igiya, mai unguwa ya tsaya shaida, aka ce iyaka ta tashi daga gindin kuka ta bi jerin gamba. Da damina ta sauka, maƙwabci ya shigo da garmar shanu ya cinye kunya huɗu. A gaban dagaci kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, gambar nan ita ce iyaka." Dagaci ya ce, "To Malam, ina gambar take?" Ashe an tuge ta tun da rani.

Awon igiya ya fi araha, ya fi sauri, kuma ba na raina shi, domin dattawan gari sun san tarihin kowace gona fiye da kowace na'ura. Matsalarsa ita ce shaidu suna mutuwa, bishiya tana faɗuwa, shi kuwa dillali la'adarsa yake jira, ba ya karɓa sai ciniki ya faɗa.

Sai kuma samarin da ke yawo da waya ko ƙaramar na'urar GPS, su zagaya gona, washegari su kawo maka taswira mai kyan gani. Wannan ya fi tsorata ni, don takarda ce da ke sa mutum ya saki jiki. Wasu ma sukan kai ta a buga musu hatimin wani safiyon da bai taɓa taka gonar ba, abin da ƙa'idar sana'ar ta haramta. Ranar da rikici ya tashi, ba ka da inda za ka kai ƙarar yaron, tunda babu sunansa a littafin kowa.

A nan safiyo mai rajista ya sha bamban: akwai na sama da shi. Mutane kan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. NIS ƙungiyar masu safiyo ce, asalinta tun 1934, zamanin su Herbert Macaulay, ɗan kishin ƙasar nan wanda shi ma safiyo ne. 'Ya'yanta ne ke zaɓen shugabanninsu, tana da rassa a jihohi. SURCON kuwa hukuma ce da doka ta kafa a 1989, ita ke riƙe da littafin rajista, ita ke binciken ƙorafi, ita ce kuma mai ikon soke sunan wanda ya ci amana. Katin ƙungiya abu ne mai kyau, amma lambar rajistar hukuma za ka fara tambaya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Idan ya zo aiki, ka lura. Zai so a kira maƙwabtan gona su tsaya, zai kafa duwatsun siminti masu lamba a kowace kusurwa, a taswirar kuma za ka ga sunansa da sa hannunsa da hatiminsa da lambobin duwatsun nan. Ka tambaye shi ko zai ajiye kwafi a ofishin babban safiyo na jiha. Ka kuma sa ya faɗa maka faɗin gonar da murabba'in mita, saboda kalmar "kadada" tana ruɗa mutane: wani hekta yake nufi, wani kuma eka, alhali hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka ɗaya kuwa 4,047 ce kacal. Kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Shi ya sa nake ba da shawara maƙwabta uku ko huɗu su haɗu su kira shi rana ɗaya, su nemi rangwamen kuɗin zuwa.

Amma fa safiyo iyaka yake nunawa, ba ya faɗin daraja. In rabon gado ne, ko jingina a banki, ko diyya irin ta waɗanda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya ratsa gonakinsu a wajen Dambatta da Kazaure, mai ƙiyasta darajar kadara kake buƙata. Su ma tsarinsu biyu ne: ƙungiyarsu NIESV ta 1969, da hukumar rajistarsu ESVARBON ta 1975. Tambaya ɗaya nake so ka yi masa ido da ido: "Yallaɓai, kana da hannu a cinikin nan?" Wanda yake wakilin mai saye, ko shi kansa yana kwaɗayin gonar, dole ya bayyana tun farko. In ya yi ta kame-kame, ka nemi wani.

Taswira kuma ba ita ce shaidar mallaka ba. A dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakar gargajiya a karkara, har hekta 500 ta noma ba sai an nemi yardar gwamna ba. Don haka bayan awo, sai ka haɗa taswirar da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci, ka nufi sakatariya. Kawu ya kai tasa makon jiya, bayan an kafa masa duwatsu shida, biyu daga ciki a daidai inda gambar take a da.