Labari zalla, ko a haɗa da tarihi?

Hanya biyu ce gaban malamin da zai koyar da Little House on the Prairie, littafin Laura Ingalls Wilder na 1935 kan rayuwar iyalinsu tana yarinya. Yana iya karanta wa yara labarin zalla: keken doki, ɗakin gungume, haƙa rijiya, zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da gidan kaf. Aji ya yi tsit, darasi ya tafi sumul.

Ɗayar ta fi wuya, amma ita na fi so. Filin da iyalin suka zauna a Kansas ta Amurka a 1869 na ƙabilar Osage ne, 'yan asalin ƙasar. Sai malam ya shimfiɗa taswira, duk inda uwar ta aibata 'yan asalin ƙasar ya dakata, ya tambayi yara: wa ya shiga gonar wa? Sai dai babi ɗaya kan ci kwana biyu.