Kwalin koyon jifan besbol: ragar ta yi, safar ba ta yi ba

Iyaye a Jidda da yaransu ke buga besbol a makaranta suna yawan tambaya a kan kwalin nan da ake haɗa raga, safar cafe ƙwallo da ƙwallaye a ciki.

Ragar ce ta ci kuɗinta. Ƙafa 7 ce tsawo da faɗi, sandunan gefe suna lanƙwasawa su shanye ƙarfin jifa, ƙwallo ta faɗa aljihun tsakiya maimakon tagar maƙwabta. Sai dai turakunta na ƙasa ne, ba sa shiga siminti. In a saman bene za a kafa ta, a danne ƙafafun da buhun yashi biyu, in ba haka ba iska ta kifar da ita. Laimar Jidda kuma tana sa mahaɗan ƙarfen tsatsa, a riƙa shafa musu mai.

Safar kuwa roba ce aka yi wa kamannin fata. A manta da ita a mota da azahar, ta bushe ta tsage. Saƙar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ma a buɗe take, alhali mai jifa rufaffiya yake so, don kada mai duka ya ga yadda ya riƙe ƙwallo. Ƙwallon gaske gram 142 zuwa 149 ce, da jan ɗinki mai tudu wanda yatsa ke kamawa. Na kwalin zanen ɗinki ne kawai.

Abin da ya fi damunmu, babu takardar da ta faɗi iyakar jifa. Raga ba ta gajiya, kafaɗa ce ke gajiya. Larry Corcoran, mai jifan ƙungiyar besbol ta Cikago a Amurka, ya yi jifa a zagayen wasa sama da 500 a 1880 kaɗai. Sau uku yana gama wasa ba wanda ya samu dukan da ya kai shi tushe, amma zuwa 1885 hannun ya mutu, a 1887 ya bar babbar gasa bai kai shekara 30 ba. Dokar Little League, ƙungiyar da ke shirya gasar besbol ta yara, ta tsayar wa ɗan shekara 11 zuwa 12 jifa 85 a rana, in ya kai 66 sai hutun kwana huɗu. Tazara daga wurin jifa zuwa wurin mai duka mita 14 ce ga yaro, ta manya 18.44, a auna da tef.

Wanda zai iya, ya sayi ragar ita kaɗai, ya nemi safar fata mai inci 11 da rabi daban.